Hancin Aro

A dangin Probert kaf, tun daga kan kakanmu mai kiwon tumaki har zuwa jariran da aka haifa bara, babu wanda Allah ya yi wa baiwar hanci kamar Neville. Hanci ne da yake riga mai shi shiga ɗaki. In Neville zai zo gidanka, hancin zai iso ya gaisa, a ba shi shayi ya sha, kafin sauran jikin ya gama rufe ƙofar lambu. Muna yara, in ruwa ya kama mu a hanyar makaranta mukan ce ya ɗaga kai mu fake. Yakan bi mu da jifa, amma bai taɓa samun kowa ba, don hancin yana tare masa saiti.

To amma ba girman banza ba ne, aiki yake yi. Tun yana ɗan shekara bakwai yakan tsaya a bakin titi ya ce wa uwarsa madarar da ke cikin firji ta yi tsami, a je a duba a tarar haka ne. An ce akwai ranar da ya shaƙi iska ya ce wani a can ƙasar Wales ya bar wake a kan wuta. Ba a je an duba ba, amma babu wanda ya musa.

Yana da shekara ashirin da shida ya sami aiki a Wenmarsh, tsohon gidan masu ƙasar nan na bayan kogi da aka mai da shi otal. Rana ɗaya aka ɗauke su shi da Clive Gwilliam, aka ba su tawul ɗaya su riƙa goge kofunan gilashi. Tun daga ranar suka manne. Clive ne babban abokin ango da Neville ya auri Lorraine, shi ya riƙe zobe a coci, har ya kusa ɓatar da shi a aljihun da ya ɓule. Clive ya zama mai kai faranti a ɗakin cin abinci, siriri, mai tafiya kamar kyanwa. Neville kuwa hancinsa ya kai shi ga amalanken cuku.

Shi dai ba ya son a ce amalanke, yana da wani suna na 'yan gayu da yake kiransa da shi, amma abu mai taya huɗu da ake turawa ai sunansa ke nan. Katako ne mai nauyi, ƙafafun tagulla, yana ɗaukar cuku iri talatin. Mutane sukan tuƙo mota awa uku daga London su zo Wenmarsh a jera musu faranti bakwai, kowanne da abinci kamar maɓallin riga a tsakiya, su ci suna lumshe ido. In an gama da nama, kafin a kawo zaƙi, sai ƙofa ta buɗe Neville ya shigo da amalankensa. A nan ne mutum yake ƙoshi.

Akwai wani tudu a dokin ƙofar ɗakin cin abincin, wanda tayar hagu take sarƙewa a kai. Neville ne kaɗai ya san maganinsa: ka sa gwiwar hagu ka ɗan ɗaga, ya wuce shiru ko cokali ba zai motsa ba. Shekara talatin da biyu yana wannan, shi ya sa duk wandon aikinsa gwiwar hagu tana sheƙi kamar madubi. Lorraine ta yi mita har ta gaji.

Kullum ƙarfe goma na safe yakan sauka ɗakin ƙasa inda cukun suke kwana a kan ciyawa. Ya ɗauki wannan ya kai hanci, ya ce gobe. Ya ɗauki wancan, ya ce yau. Wani kuma ya ture shi gefe, ya ce ya wuce. Duk ya raɗa musu suna. Akwai Tsoho, akwai Fada, akwai Maƙetaci mai shuɗiyar jijiya. Sannan akwai Gimbiya, wata 'yar Faransa mai taushi da take zuwa cikin akwatin katako, wadda sunanta na gaskiya sai ka murɗe harshe sau biyu. Ita kwana biyu kacal take yi tana da daɗi. Kafin nan ba ta nuna ba, bayan nan kuwa zarni take yi kamar bayan tashar mota, alhali fuskarta tana nan sumul ba ta nuna komai. Ido ba ya gane ta, yatsa ba ya gane ta. Sai hanci.

Aibinsa ɗaya, ba ya iya riƙe sani a cikinsa. Ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya gaya maka sunan saniyar da aka tatsa da irin ciyawar da ta ci. Ranar jana'izar Goggo Myfanwy ya tsare limamin coci a jikin bango minti arba'in yana yi masa bayanin yadda ake wanke bayan cuku da ruwan gishiri, har bawan Allah ya ce wai ya tuna akwai wata gawar tana jiransa.

Ana nan sai ga korona.

A watan Maris Uwargida Fanshawe, mai otal ɗin, ta tara ma'aikata a filin ciyawa, kowa nesa da kowa kamar an shuka su. Doguwar mace ce mai furfura, muryarta kamar ta mai karanta labarai. Ta ce an rufe, ta ce su dangi ɗaya ne, ta goge ido da bayan hannu. Da aka buɗe a watan Yuli, tebura rabi aka mayar, kowa da takunkumi a fuska, an kuma hana amalanke. Wai ba a yarda abinci ya yi ta yawo a buɗe tsakanin mutane ba. Sai aka riƙa yanka cuku uku-uku a kicin, a naɗe da leda kamar maganin asibiti. Neville kuma aka tsayar da shi a ƙofar shiga da bindigar auna zafin jiki, yana harbin attajirai a goshi. Takunkuminsa ma sai da Lorraine ta ɗinka na musamman, don na kanti ba ya kaiwa.

Wata rana Uwargida ta same shi a ƙofar ya yi tagumi.

“Probert, daina wannan fuskar, kana korar mini baƙi.”

“Ranki ya daɗe, ina za su ga fuskar?”

“Idonka ya isa. Ka saurara. Amalankenka yana nan an lulluɓe shi. Ranar da aka ce a fito da shi, kai za ka tura shi, ko da sanda kake dogarawa. Na yi maka alkawari.”

Wannan maganar ya riƙe ya ci gaba da harbin goshi.

A watan Janairu, ana cikin wani kullen, cutar ta kama shi. Kwana biyar yana rawar ɗari, sannan ya miƙe. Kowa ya ce an auna arziki. Rana ta takwas da safe yana zaune a kicin yana duba jarida, Lorraine ta bar burodi a injin gashi ta fita shanya. Ta dawo ta tarar hayaƙi ya turnuƙe, ƙararrawa tana ihu, kare yana haushi, mijinta kuma yana neman inda ƙarar take fitowa.

“Nev! Gidan zai ƙone kana zaune? Ba ka ji ƙauri ba?”

Ya sauke jaridar a hankali. Mutumin da yake jin waken Wales. Ya tashi ya buɗe kwandon shara ya tura kai. Babu. Ya kamo karen ya shaƙa. Babu. Ya hau sama ya fesa turaren Lorraine a hannu har yana ɗiga, ya zauna a bakin gado yana ja, yana ja, kamar mai jan ruwa a busasshiyar rijiya. Likita ya ce masa a waya wasu yakan dawo musu, wasu ba ya dawowa, ya yi haƙuri. Abinci ma duk ya koma masa kwali.

A watan Mayu Uwargida ta bugo waya. Za a buɗe, an kuma yarda amalanke ya fito, muddin an kifa masa murfin gilashi. Ta ƙara da cewa rabin ma'aikata ba za su dawo ba, abin ya yi tsanani, amma shi alkawari alkawari ne.

Lorraine ta ce, “Ka gaya mata gaskiya tun yanzu.”

“In ce mata me? Ranki ya daɗe, ga mai cukunki, hancinsa ya zama ado? Rabi aka sallama, Lorraine. Da wa kike jin za a fara a kashi na biyu?”

“To yaya za ka yi?”

“Zan ara.”

“Za ka ari me?”

“Hanci. Na Clive.”

Lorraine ta ce, “Kayan aro ba ya rufe katara, Nev.”

“Clive ne fa. Ba wani ba.”

Ranar da aka koma, ya ja Clive zuwa ɗakin ƙasa ya rufe ƙofa, ya gaya masa komai. Clive ya zare takunkumi ya kwashe da dariya har yana dafa bango.

“Duk wannan uban gini, ashe babu kowa a ciki? Kai mutumina, a sa shi haya mana!”

“Ka gama?”

“Saura kaɗan. Shekara talatin kana ce mini safata tana wari, yau Allah ya saka mini.”

“Clive, in Uwargida ta sani, na tafi.”

Clive ya daina dariya. Ya dafa kafaɗarsa, duk da an hana taɓa juna. “Wa zai gaya mata? Ni? Haba tsoho. Miƙo abin nan in shaƙa.”

Ya miƙa masa cukun nan da yake kira Tsoho. Clive ya shaƙa ya yamutsa fuska.

“Wari yake.”

“Wane irin wari?”

“Wari dai. Wari yana da ƙabila ne?”

“Yana da ita, jaki. Sake ja. A hankali, ba kamar mai mura ba. Me ya tuna maka?”

“Kamar... rumbun kawuna bayan an yi ruwa.”

“Jiƙaƙƙiyar harawa ke nan. Saura kwana biyu. Ajiye. Ɗauki wannan.”

“Wannan kam bargar doki ce.”

“Da dokin a ciki ko ya fita?”

“Kai don Allah!”

“Da gaske nake. In da ɗumi-ɗumi a ciki, yau ne. In sanyi ne da tsami, ya wuce.”

Haka suka riƙa yi kullum ƙarfe goma. Clive ya shaƙa ya faɗi abin da ya ji, Neville ya fassara. Kuma ka san Neville, ba zai tsaya a yau ko gobe ba. Sai ya faɗi dalili, da dalilin dalili, da manomin da za a buga wa waya in kaya sun zo ba daidai ba, da wanda yake ƙarya a cikinsu, da yadda ake jera su a amalanke daga mai sanyin hali zuwa mai faɗa. A kan Gimbiya kaɗai sun yi mako guda. Ya koya masa yadda take fara ƙamshin naman kaza, ta koma na man shanu da ɗan ƙarni, da kuma wannan siririn zarnin da yake leƙowa ta gefen akwati awa goma sha biyu kafin ta lalace. Bai taɓa samun mai sauraro irin wannan ba. Clive ba ya hamma, ba ya duba agogo, har tambaya yake yi. Neville ya dawo gida yana ce wa Lorraine, “Ashe mutumin nan yana da kai, shekara talatin ban sani ba.”

A sama kuwa babu wanda ya gane. Annobar da ta kashe hancin ita ta rufa masa asiri, don kowa fuskarsa a rufe take, cukun kuma suna ƙarƙashin gilashi. Yakan sa gwiwa ya haye dokin ƙofa, ya tsaya nesa da tebur gwargwadon doka, ya ɗaga murfi ya fara zuba ta cikin ƙyalle. Baƙin da suka yi shekara suna cin abin gwangwani a gida har tafi suke yi masa.

Wajen tsakiyar Yuli Clive ya ce, “Tsoho, matakalar nan tana cin gwiwarka, ina jin ƙararta tun daga kicin. Bari in riƙa sauka ni kaɗai da wuri. Duk wanda ya nuna zan ɗora masa ƙwayar inabi ɗaya a kai. Ka zo ka kwasa kawai.”

Neville ya ji daɗi har ya saya masa giya a ranar. Daga nan ya daina tambaya. In ya ga inabi ya ɗauka, in bai gani ba ya bari.

Lahadin ƙarshe ta watan Agusta Uwargida ta cika shekara saba'in. Gwamnati ta sassauta doka, amma ita ba ta sassauta wa ma'aikatanta ba, takunkumi yana nan, murfin gilashi yana nan. Ta gayyaci danginta cin abincin rana, mutum goma sha biyu a babban tebur na bakin taga, sauran teburan kuma cike da baƙi. Tun ranar Laraba ta aiko cewa Gimbiya take so.

Neville ya sauka ƙarfe goma sha ɗaya. Akwati biyu na Gimbiya ne a kan ciyawa, ɗaya da inabi, ɗaya babu. Ya ɗauki mai inabin. Da ya buɗe ya ji idonsa ya ɗan yi yaji, ya ce a ransa ruwan wanke hannun nan ne da ake ta shafawa kamar za a saɓule fata. Ya sa ta a tsakiyar amalanke ya kifa murfi. Awa uku tana zaune a cikin gilashi, rana tana dukan taga.

Ƙarfe biyu da rabi aka kwashe farantan nama. Ya sa gwiwa, ya shigo. Ya yi wa Uwargida barka, ya ce yau ya kawo mata wadda ta yi kwana arba'in tana shirin wannan rana. Ya kama murfin da hannu biyu ya ɗaga.

Waɗanda suke wurin sun ce furannin kan tebur sun sunkuya. An ce wani ƙuda da yake wucewa ya faɗo a cikin kofin ruwa. Neville dai bai ji komai ba. Ya ga mutane sun yi shiru, ya ɗauka kwarjinin Gimbiya ne, sai ya ƙara murya. Ya sa cokali ya ɗebo, ya ɗora a biskit, ya miƙa wa matar ƙanen Uwargida, wata tsohuwa mai ladabi da ba ta iya cewa a'a. Ta kai baki. Sai tari ya sarƙe ta.

To a wannan shekarar, gara ka fito da bindiga a ɗakin cin abinci da ka yi tari. Ɗakin ya tsaya cak. Tsohuwa tana tari, hawaye yana zuba, tana ɗaga hannu wai ba ita ba ce, ba cutar ba ce. Ina! Kujeru suka fara ja da baya. Wata mata ta rufe fuska da adiko, mijinta ya sa takunkumi biyu. Wani mai ƙiba ya tashi da farantinsa ya fice filin ciyawa. Neville yana tsaye da cokali a hannu yana waige-waige, shi kaɗai a duk ɗakin bai san abin da ya faru ba. Ya nemi Clive da ido. Clive yana jikin bango da tulun ruwa, yana kallon takalminsa.

Uwargida ta ajiye adikonta. “Probert, rufe abin nan. Ka same ni a ofis.”

A ofis ba ta ce ya zauna ba. Ta buɗe taga tukuna.

“Tun yaushe?”

Ya ga babu amfanin ƙarya. “Janairu, ranki ya daɗe.”

“Haka Gwilliam ya ce.”

Neville ya ce, “Clive?”

“Tun farkon Yuni ya zo ya same ni a nan inda kake tsaye.”

Farkon Yuni. A lokacin ko Gimbiya ba su fara ba. Ya tuna makon da suka yi a kanta, da yadda Clive yake cewa maimaita mini, ban riƙe ba.

“Kin sani tun Yuni, ba ki kira ni ba?”

“Ya ce a ba shi wata biyu ya gama koyo. Ni kuma na ga da hankali a maganar. In na kira ka a lokacin, ka yi fushi ka tafi, wa zai riƙe mini amalanke?” Ta gyara wata takarda da ba ta karkace ba. “Na dai ce masa ba na sallamar mutum a kan an ce, sai na gani da idona. Ban ce ya nuna mini a ranar haihuwata ba, wannan kam ya yi wauta.”

“Kin ce ko da sanda nake dogarawa.”

“Da sanda na ce, Probert. Ƙafa na yi maka alkawari a kai. Kai kuma wata uku kana ciyar da baƙina abin da ba ka san ko mene ne ba, kana kallon idona.” Ta sassauta murya. “Ba korarka nake yi ba. Mu dangi ɗaya ne. Ƙofar shiga tana bukatar mutum mai fara'a, ga jakunkunan baƙi.”

Ya ce ya gode. Har ya ɗan rusuna, don jiki ya saba. Ya fito.

Amalanken yana lungun da ke tsakanin kicin da ɗakin cin abinci, an kwashe Gimbiya, Clive yana goge katakon da tsumma. Bai ɗago ba.

“Akwati biyu ne,” in ji Neville. “Ɗayan fa?”

“Ɗayan lafiyarsa ƙalau. Da shi za a yi abincin yamma.”

“Ka ɗora inabin a kan wancan da hannunka.”

Clive ya ci gaba da guga. “Ɗayanmu ne zai tafi kafin sanyi ya shigo, Nev. Uwargida ta gaya mini tun Mayu, ta ce tsofaffi biyu sun yi mata yawa. Kai kana da amalanke. Ni me nake da shi? Faranti? Kowa ya iya ɗaukar faranti. Kana da Lorraine tana aiki a kantin magani. Ni in na koma gida bango nake gaisarwa.”

“Da ka gaya mini.”

“Ka yi me? Ka bar mini?”

“Da mun je mata tare. Ni kai, kai hanci.”

“Albashi biyu a kan amalanke ɗaya? Ka san ta.”

“Kai ka riƙe mini zobe a coci, Clive.”

“Na riƙe, na kuma ba ka abinka.” Sai a lokacin ya ɗago. Idonsa ya yi ja a saman takunkumi. “Ni ban roƙe ka ka koya mini ba. Kai ka ja ni ka rufe ƙofa. Ba a iya tsayar da kai in ka fara, kowa ya sani.”

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, amma Neville ya rasa ma wane ne wane tsakanin Uwargida da Clive. Ya zaro wuƙar cukunsa daga aljihun gaba, wadda ƙotarta ta lotsa daidai babban yatsansa, ya ajiye a kan amalanke. Ya kwance ƙyallen gabansa ya ninke shi huɗu yadda aka koya musu rana ɗaya. Ya juya zai tafi, har ya yi taku uku. Sai bakin nan nasa, wanda ba ya shawara da mai shi, ya buɗe da kansa.

“Tayar hagu tana sarƙewa a dokin ƙofa. Sai ka sa gwiwa ka...”

“Na sani,” in ji Clive.

Neville ya tsaya. Bai taɓa koya masa wannan ba, don ba ya cikin abin da ake shaƙa. Ya sauke ido. Gwiwar hagu ta wandon Clive tana sheƙi. Ba ta kai tasa ba, amma ta kama hanya, kuma ba sheƙin mako ɗaya ba ne. Ashe sammakon nan da Clive yake yi ba don ya hutar da shi matakala ba ne, gwajin tura amalanke yake yi.

Ya bi ta ƙofar kicin ya fita, ya taka har gida, mil huɗu, ya manta cewa da mota ya zo. Lorraine ta buɗe ƙofa ta dube shi, ta dubi hannunsa babu ƙyalle. Tana da damar ta ce ai na faɗa maka, amma ta bar ta a ciki, ta ɗora ruwan shayi.

Hancin ya dawo ana saura mako biyu Kirsimeti, ba tare da sallama ba. Yana ɗaure takalmi karen ya shigo a jiƙe, sai ya ce, “Kai, fitar da dabbar nan, wari take.” Shi da Lorraine suka tsaya suna kallon juna. Wata uku da rabi kacal ya makara. Uwargida ta ji labari ta aiko da kati mai hoton tsuntsu, ta ce ta yi murna ƙwarai. Ba ta ce ya dawo ba.

Yanzu ranar Asabar yana tsayawa a kasuwar gari, a rumfar wata manomiya mai yin cukun awaki. Ciniki yana kyau, don duk abin da ya miƙa maka to na yau ne. Sai dai in ka ce masa yaya aka yi ka sani, zai naɗe maka kayanka ya ce, “Sa'a ce.” Manomiyar da kanta ta roƙe shi ya nuna mata yadda yake yi, ya ce ya manta. An yi jana'iza biyu a dangi tun daga lokacin, limamin coci har ya zo da kansa ya tsaya kusa da shi da farantin cuku, yana jira. Neville ya ce masa an yi sanyi bana, ya yi shiru.

A cin abincin Kirsimetin bara wani shaƙiyyi daga cikin dangi, ba sai an faɗi suna ba, ya lallaɓa ya ɗora masa ƙwayar inabi ɗaya a kan cukun da ke farantinsa. An zaci zai biyo mutum da jifa kamar da, har an shirya kaucewa. Ya daɗe yana kallon inabin. Sannan ya ɗauke shi da yatsa biyu ya ajiye a bakin tebur, ya ture farantin, ya ce zai fita da kare.